Dabba Mai Ƙafa Tara

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe magudanar ruwan gidan yayata ta toshe, mijinta kuma ya ce ba za a kira mai gyaran famfo ba matuƙar yana numfashi.

Sana'arsa haɗa keke. Ana kawo kekunan sababbi a kwali, a wargaje, shi kuma ya ɗaura su a shagonsa na bakin titi. Abin alfaharinsa a duniya shi ne, tun da ya fara aikin bai taɓa buɗe kwali ya gama haɗawa wani abu ya ragu a ƙasa ba, ko da noti ɗaya ne. Idan ya ga ƙarfen da bai san wurinsa ba, sai ya nema masa wuri. Akwai kekuna masu ƙararrawa biyu a unguwar saboda haka. Shi ya sa ake kiransa Ba Saura, yana kuma amsawa da fara'a.

Gidan na haya ne. Mai shi wata tsohuwa ce da kowa ke kira Iya. Tana zaune a sashen gaba, su suna na baya, tsakar gida ɗaya. A tsakiya akwai bishiyar lemun tsami da marigayi mijin Iya ya shuka. Ranar da su Yaya suka tare, Iya ta ce sharaɗinta guda ne: su yi yadda suka ga dama da ɗakunansu, amma ranar da aka taɓa bishiyar nan, ranar za su fara neman wani gida. Yaya ta riƙe maganar da hannu biyu, don gidan yana kusa da makarantar yara, da ƙafa suke zuwa, kuma samun irinsa a wannan yankin sai an sha wuya. A lokacin da abin ya faru Iya ba ta nan. Ɗanta ya tafi da ita asibiti a yi mata aikin ido, don yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Ba Saura ya aro diga da shebur ya fara tono inda yake da tabbacin bututun ya bi. Bututun bai bi ta nan ba. Abin da ya ci karo da shi ƙashi ne, dogo, ruwan ƙasa, ya kai tsawon hannu. Ina gidan a ranar, ina taya Yaya wanki, don haka a gabana ya fito da shi. Ya goge shi da rigarsa, ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne. Ya ce wannan sautin ba na ƙashin jiya ba ne.

A kwanakin ya kamu da kallon shirye-shiryen abubuwan al'ajabi a waya: kifayen da ke haske a ƙasan teku, biranen da ƙasa ta binne, da manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin a san tarihi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, wanda ya tono sabuwar dabba, wani lokaci sunansa ake sa mata.

"Auta," ya ce da ni, "ki ƙare masa kallo yanzu. Nan gaba sai kin bi layi."

Na ce, "Yallaɓai, ai ƙashi ne."

"Kowa ya ga ƙashi ne. Na wa?"

Yaya ta leƙo ta tambaya ko an samu bututun. Ya ce an samu abin da ya fi bututu.

Kafin la'asar ramin ya kai masa ƙugu, ƙasusuwa sun cika bahon wanki. Washegari bai buɗe shago ba. Ya wanke su da sabulun Yaya, ya goge da buroshin haƙoran da ya ce ai dama ya tsufa, ya shanya ƙananan a igiya da abin maƙale kaya, manyan kuma ya jera su a kan gado saboda kuliyoyin unguwa sun fara zarya a kan katanga. Magudanar tana nan a toshe. Ruwan wanke-wanke Yaya take ɗauka a bokiti ta kai waje, don ya hana a zuba ko ɗigo kusa da wurin binciken. Da sunan da yake kiran ramin ke nan.

A falo ya fara haɗawa. Ya kwance igiyar shanya ta waya, ya kwaso wayoyin ƙafar keke da notuna daga shago, ya huda abin da zai hudu, ya ɗaure sauran. Da farko abin ya tafi daidai. Ƙashin baya, haƙarƙari, ƙafa huɗu, kai ɗaya. Yaya ta yi hamdala, ta ce to an gama, a mai da ƙasa. Da yamma ya koma rami ya fito da ƙafa ta biyar.

Bai damu ba. Ya ja ƙashin bayan ya ƙara masa tsawo, ya nema mata wuri.

Mai askin da ke kusa da shagonsa ne ya fara yaɗa labarin. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da sabon aski da sabuwar dabba. A bakinsa ta kai girman motar ɗaukar yashi tun tana da ƙafa biyar. Mutane suka fara sallama a ƙofar gida, wasu su ce sun zo gaishe da Iya, alhali kowa ya san ba ta nan.

Malamin kimiyya na makarantar sakandare ya zo ranar da aka ɗaura kai na biyu. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son ɓata wa kowa. Ya zagaya abin a hankali, ya duƙa, ya miƙe, ya yaba ƙoƙari da tsabtar aiki. Sannan ya tambaya, cikin ladabi, ko mai yiwuwa ne dabbar ta fi ɗaya.

"Malam, kai littafi ka karanta, ni kwali na buɗe," in ji Ba Saura. "Ka taɓa buɗe kwali ɗaya ka samu keke biyu?"

"Ban taɓa buɗewa ba. Amma rami ba kwali ba ne."

"Ya fi kwali. Kamfani yakan yi kuskure ya manta da noti. Ƙasa wa ta taɓa mantawa da shi? Rami ɗaya, dabba ɗaya."

Malamin ya nuna cewa ƙahonin wannan kan a miƙe suke, na wancan kuma a murɗe. Ba Saura ya ce ai shi ne abin mamakin, da iri ɗaya ne da bai rufe shago ba. Kai ɗaya na cin abinci ne, ɗaya na gadi. Malamin ya nuna ƙafafun, ya ce na dama sun fi na hagu tsawo da kusan taƙi biyu. Ba Saura ya ce wannan ya tabbatar da cewa a gefen dutse take kiwo. Malamin ya tambaya, in ta juyo za ta koma gida fa? Ya ce da baya take komawa, amfanin kan gadin ke nan. Malamin ya sha ruwan da Yaya ta kawo masa, ya yi godiya, ya tafi.

Mahauci ma ya zo, amma a bakin ƙofar falo aka tsai da shi, don Ba Saura ya ce da idon kasuwa zai kalle ta. Daga nan inda yake tsaye ya miƙa wuya ya ce waccan ta ƙasa dai ƙafar bijimin sa ce, ko a mafarki ya gan ta zai gane. Ba Saura ya ce bai yi musu ba, sa ma a wani wuri ya gado tasa. Mai aski ya ce an kai mahauci ƙasa, kuma haka aka ba da labarin a shagon aski.

Ba Saura ya buga waya gidan tarihi. Wata mata ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ya turo hoto. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san yadda ake yi: a karɓi hoto, gobe a ji dabbar da sunan wani farfesa. Matar ta ce ba tare da hoto ba babu mai tasowa. Sai ya lulluɓe dabbar da zanin gadon Yaya, ya tsaya a gefe ya riƙe sifana, na ɗauke shi, ya tura. Ba su amsa ba. Ya ce sun firgita.

Da kai na uku ya fito, ya ba shi aikin shan ruwa. Matsalar ta taso ne a ƙafafu. Sun tsaya a bakwai. Ba Saura ya yarda dabba ta yi kai uku, amma ƙafa bakwai ya ce ta saɓa wa hankali, shi kuma ba zai kai wa duniya aikin da ya saɓa wa hankali ba. Ta takwas tana nan a ƙasa. Ya tone gabas, ya tone yamma har gindin katanga, babu. Wuri ɗaya ya rage, ƙarƙashin bishiyar.

Ina zaune a kan tabarma ina tsince wa Yaya kayan da ruwa ya jiƙa, na ji sautin digar ya canza. Yaya ma ta ji. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ramin.

"Baban yara, saiwar bishiyar kake sara."

"Saiwar ce ta shigo wurin bincike. Dabbar ta riga ta zuwa."

"Haka za ka gaya wa Iya?"

"Iya da ta gaishe da durom ɗin ruwa tana zaton ke ce? Har ta tambaye shi yara."

"Aikin ido aka je yi mata."

Ya ce ya kalli shiri a kan irin wannan aikin, sai an yi watanni kafin mutum ya bambance ƙofa da taga. Kafin nan bishiyar ta yi sabuwar saiwa, gidan kuma ya zama wurin da baƙi ke zuwa daga ƙasashe, Iya da kanta za ta roƙe su kada su tashi. Ya ƙara da cewa ya yanke shawarar sa wa wutsiyar sunan Yaya. Yaya ta ce ta yafe, a bar mata gidan.

A ƙarƙashin bishiyar ya samu ƙafa. Sai dai biyu ya samu. Suka zama tara.

Ya zauna a bakin ramin ya sake ƙirga su. Sannan ya ce yanzu magana ta fito, dabbar mai ƙafa goma ce, ya sake ɗaukar diga.

Ta goman ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne sauran saiwoyin, guntu-guntu, waɗanda ya tara a gefe ya ce za a mai da su in an gama. Ganyen bishiyar ya fara yin rawaya. Kullum da safe Yaya takan hau kujera ta tsinke masu rawayan ta ɓoye a ƙasan shara, har bishiyar ta koma ana hango sama ta cikinta. Da ta ga bishiyar ta fara karkata wajen ramin, sai ta ciro katako ɗaya daga ƙarƙashin katifarsu ta tokare ta. Ba Saura ya ga katakon ya yaba, ya ce ya ji daɗi da iyali suka fara shiga aikin.

Mai aski ne ya matsa masa a kan a nuna wa jama'a, don ya gaji da rantsuwa a shago. Ba Saura ya sa ranar Asabar bayan la'asar. Ya ce za a bayyana cewa ana ci gaba da neman ƙafa ɗaya, ko manyan masu bincike ma haka suke yi.

Ranar Juma'a aka gano dabbar ba za ta fita ta ƙofar falo ba. Ya cire ƙyauren, ba ta fita ba. Ya cire katakon ƙofar, kan gadin ya maƙale. Ya fasa jeri ɗaya na bulo a gefe. Nauyi kuma ya hana ɗauka, don ya zuba mata ƙarfe ya fi ƙashin yawa, sai ya haɗa mata gado da bututun keke ya sa tayoyi huɗu a ƙasa. Muka turo ta tsakar gida, ni da shi da mai aski, muka tsai da ita a bakin ramin, don ya ce dole a gan ta kusa da inda ta fito. Wurin ya ɗan gangara saboda tulin ƙasa. Ya sa dutse a gaban taya ɗaya. Da ya ga tana rinjaya wajen gajerun ƙafafun, ya ɗaura mata igiya a ƙashin baya ya kai ɗaya bakin ya ɗaure a jikin bishiyar, can sama inda rassa suka rabu. Yaya ta tambaya shin bishiyar ce ke riƙe da dabbar, ko dabbar ce ke riƙe da bishiyar. Ya ce taimakon juna ne.

Ranar Asabar tsakar gida ta cika. An aro bencina. Malamin kimiyya ya zo da wasu ɗalibansa, ya tsai da su can baya kusa da ƙofa. Mahauci ya samu wuri a kan tulin ƙasa. Waɗanda ba su samu shiga ba suka hau katanga. Dabbar tana tsaye a lulluɓe da zanin gado, ƙahoni sun tokaro shi ta wuri uku.

Ba Saura ya sa fararen kaya. Ya fara da tarihin duniya tun tana ruwa, ya gangaro kan kifaye masu haske, ya ratsa ta biranen da ƙasa ta binne, ya iso kan ranar da ya fara koyon haɗa keke. Yana nan a kan maigidansa na farko da bai taɓa yaba masa ba, sai aka ji tsayuwar mota a waje. Mutane suka dare. Iya ce, ɗanta na riƙe da jakarta, ita kuma sanye da baƙin tabarau.

Ba Saura bai rikice ba. Ya tare ta da fara'a, ya yi mata sannu da hanya da ya jiki, ya ce jama'a ne suka taru yi mata barka. Ya jawo kujera mafi kyau ya ajiye ta yadda in ta zauna za ta ba bishiyar baya. Iya ba ta zauna ba. Ta cire tabarau ta ninke, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, ashe ka yi furfura haka," ta ce. "Kuma maɓallin wuyanka ba irin sauran ba ne."

Yaya ta nemi bakin benci ta zauna.

Iya ta juya. Ta dubi ramin, ta dubi tarin guntayen saiwa, ta dubi katakon gado, ta ɗaga kai ta dubi abin da ya rage na ganye. Ta dubi ƙofar falon da ta ƙara faɗi. Ba ta ce komai ba. Ba Saura ya ɗauki shirun a matsayin izini. Ya ce tun da mai gida da kanta ta iso da sababbin idanu, babu abin da ya fi dacewa su fara gani kamar wannan. Ya kama gefen zanin gadon ya ja.

Zanin ya maƙale a ƙahon kan shan ruwa. Ya sake ja da ƙarfi. Dabbar ta girgiza, dutsen da ke gaban tayar ya goce.

A nan dole a faɗi gaskiya, Ba Saura ya iya haɗa taya. Ya sa wa boris ɗin giris yadda ya kamata. Dabbar ta tafi sumul, babu ko ƙara, da kawunanta uku da ƙafafunta tara suna lilo, ta wuce gaban benci na farko ta nufi ramin. Shi kuma bai saki zanin ba. Tayoyin gaba suka faɗa, igiyar ta miƙe ta yi tsir. Katakon Yaya ya yi tsalle gefe. Bishiyar ta sunkuya, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta bi su. Dabbar a ƙasa, Ba Saura a tsakiya, bishiyar a sama.

Lemo ne kawai ke gangarowa ƙarƙashin bencina. Malamin kimiyya ya ce wa ɗalibansa su ƙara matsawa baya, duk da sun riga sun kai bango. Mai aski ya tuna ya bar mutum da rabin aski. Mahauci ya duƙa ya tsinci lemo biyu ya sa a aljihu.

Daga cikin rassan aka ji muryar Ba Saura yana cewa kada wanda ya taɓa komai, ya san wurin kowane.

Iya ta taka a hankali har bakin ramin. Ta sa sandarta ta juya wani muƙamuƙi da ya yi tsalle ya faɗo waje, waya na reto a jikinsa. Ta ce marigayi mijinta ya yi imani babu takin da ya kai ƙashi ga bishiyar lemo. Duk inda aka yi yanka a unguwar sai ya bi da buhu, ya je wurin mahauta, ya je gidajen sayar da abinci, ya dawo ya tona gefen bishiyar ya binne. Na shanu, na rago, na akuya, har da jakin wani maƙwabci da ya mutu da damina. Ta ce ta sha yi masa faɗa a kan wari.

Ta leƙa cikin ramin.

"Shekara da shekaru bawan Allah yana tara mata abinci. Kai ka tone, ka sa masa taya."

Ba Saura ya samu ya fito da kansa ta tsakanin rassa biyu, ƙaya ta yage masa kafaɗar riga, ganye a gashinsa. Ya tambaya, da ladabi, ko Iya ta tuna marigayin ya taɓa binne wani abu ta wajen sashenta, don akwai ƙafa ɗaya da har yanzu ba a gani ba.

Iya ta mai da tabarau ɗinta. Ba shi ta amsa wa ba, Yaya ta duba.

"'Yar nan, ke ba ki da laifi. Ƙarshen wata."

A ƙarshen watan suka kwashe kaya. Yanzu suna hawa na uku a wani bene da ke ɗaya gefen gari, yaran kuma sai sun shiga mota biyu kafin su kai makaranta.